Miyar Kuka Irin ta Kanawan Salaga

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A Islamiyya a tare ni, a gidan biki a tare ni, har mai kitsona sai da ta riƙe min kai ta ce ba za ta ƙarasa ba sai na faɗa mata ko da gaske ne a can mata ke tuƙa babur da goyo. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowacce in ta ji sai ta ƙara nata gishirin kafin ta kai wa ta gaba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta sake tambayata in miƙa mata.

Abin da ya kai ni dai 'yata ta fari ce, da take aure a Salaga. Mijinta Rashid karatu ya zo yi Kano suka haɗu, yaro mai hankali, ba ni da abin faɗa a kansa sai nisan garinsu. Da ta haihu aka kira mu ta bidiyo, ina leƙawa ta bayan kafaɗar babanta na ga yarinya ta koma daga ido sai wuya. Kun san 'yar fari, ko sunanta ba na kamawa, balle in tsaya ina tambayar me take ci. Amma abincin ranar bai shiga cikina ba. Yayata ce ya kamata ta je mata wankan jego, to ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Na ce wa maigidana Alhaji ni zan je, kuma ba zama zan yi ba, ɗauko ta zan yi ta ƙarasa wankanta a gida. In ta yi ƙiba ta koma, in ma ba ta koma ba ni ban ga laifi ba. Ya dube ni ya ce, "Ke da ko kallonta ba kya yi?" Na ce ai ɗaukowa ba sai da kallo ba.

Na haɗa kaya kamar mai zuwa ƙasar da ba a taɓa noma ba: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kanwa ungurnu, kayan yaji, garin kunu, har da kilishi na hanya. Maƙwabciyata Hajiya Ladi, wadda ke kai turaren wuta da atamfa Bawku can arewacin Gana, ita na bi, don ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Ta kalli buhun ta kalle ni, ta ce, "Maman Abba, ki rage." Na ce ai ba a kanta zan ɗora ba. Ta yi dariya ta ƙyale ni.

Ta Binin da Togo muka ratsa. Kada ku tambaye ni yadda ƙasashen suke, don ni ƙeyar direba na fi gani, sai shingaye, a sauka a nuna katin rigakafi a hau. Abin da na riƙe a Togo burodinsu ne, dogo siriri mai tauri kamar muciya, na gatsa sau ɗaya na ji haƙorina na neman bin sa. A Sankasi, bakin iyakar Gana, wata ma'aikaciya mai kaki ta sa aka kwance buhuna. Tana zura hannu ta ciro ƙullin daddawa, ta shinshina, sai ta tuntsire da dariya har hularta na neman faɗuwa.

"Mma! Dawadawa ka ɗauko tun daga Najeriya ka kawo Gana?"

Kada ku ce na yi kuskuren rubutu, a can mace ma "kai" ake ce mata, kwana biyu kunnenki ya saba. Ta kira abokan aikinta, aka yi ta yawo da daddawata daga hanci zuwa hanci. Ta miƙo min ta ce, "Mma, ka je kasuwa Bawku ka gani. Akwai shi paa!" Na sha kunu na ɗaure buhuna. A raina na ce tasu daban, tamu daban.

A Bawku gidan Anti Memuna muka sauka, mai masaukin Ladi, 'yar kasuwar albasa, mace mai murya kamar tana kiran wani a ƙetaren titi ko da kina gabanta. Kafin mu ajiye mayafi an miƙo min kofi cike da wani farin ruwa mai sanyi, wai zomkom, da shi ake tarar baƙo. Na ɗauka farau-farau ne, na kafa kai. Ashe garin gero ne aka dama da citta da barkono da ɗan man kaɗe. Ya bi ta maƙogwaro ya fito ta hanci, na hau tari, Anti Memuna na bubbuga min baya tana cewa, "Sha duka, sha duka, shi ke kore gajiya." Gajiyar dai ta tafi, amma ta tafi da muryata.

Washegari Ladi ta ja ni kasuwa, kuma na san da gangan ta yi. Ga daddawa tsibi-tsibi, ga kuka, ga kanwa, duk abin da na sha wahalar jansa ƙasa uku yana nan a zube. A gaban kowane tsibi sai ta tsaya ta ce, "Maman Abba, ko za ki ƙara?" A nan ne kuma na ga abin da mai kitso ke tambaya. Gaskiya ne. Mace da hijabinta har ƙasa, goyo a baya, buhun albasa a gaba, ta murɗa babur ta wuce fuuu, ba wanda ya ko waiwaya sai ni.

Amma da aka kawo abinci na samu hujjar da nake nema. Banku suke ce masa, tuwon masara ne da aka bar ƙullinsa ya kwana ya sake kwana har ya yi tsami. A gidana in tuwo ya kai wannan tsamin, awaki ake zuba wa. Miyar ɗanyar kuɓewa ce, manja ya kwanta a kai, kifi da ganda na iyo a ciki. Na kai loma ɗaya na ji har kunnena ya motsa. Na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, na shige ɗaki na lallaɓa kilishina. Na ce to ga abin da ya ramar min da yarinya, magana ta ƙare. Kilishin ma bai yi nisan kwana ba, don Ladi ta fito da shi tsakar gida wai tsaraba ce na kawo musu.

A nan Rashid ya zo ya tarye ni, Ladi ta tsaya kan kasuwancinta. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, na ce madalla, zaman Kano ya yi amfani. Ashe iyakar abin da ya koyo ke nan. Muna shiga mota ya zo ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ni, wai don kada a matse ni. Surukina! Na manne da taga kamar zan fita ta cikinta. Duk inda mota ta tsaya sai mata su yanyame ta da tire a ka, shi kuma sai ya miƙa hannu. Ya sayi dafaffen ƙwai da aka tsaga aka cusa masa barkono, ya sayi soyayyar doya, daga ƙarshe ya sayi gasasshiyar zabuwa, ya buɗe takardar a kan cinyata ya ce, "Umma, bismillah."

Ku gaya min, wace ce a cikinku za ta buɗe baki ta tauna ƙashin zabuwa a gaban mijin 'yarta ta fari? Na ce na ƙoshi. Ya ce, "Umma, tun safe ba ki ci komai ba." Na ce haka cikina yake. Cikin kuwa a lokacin ƙugi yake, har na riƙa gyaran murya don in rufe shi. Wata mata a bayanmu ta leƙo ta ce, "Mma ba ya so? Kawo, kar ya lalace." Ta karɓe ta cinye tas a daidai kunnena, ina jin ƙarar kowane ƙashi. Na yafe mata yanzu, amma a ranar ban yafe ba.

Da muka zo hawan wani dogon tudu a wajen Gambaga, motar ta ce ba ta san zance ba, aka ce kowa ya sauka. Haka na hau dutse da ƙafa, ciki wayam, Rashid na biye da ni da jakata yana nuna min yadda gonaki suka shimfiɗu a ƙasa, wai in duba kyau. Ni bishiyoyin ma bibbiyu nake ganinsu.

Yamma lis muka shiga Yendi, motar Salaga ta riga ta tashi, sai muka sauka gidan kawunsa Afa Yakubu. Afa shi ne malam a bakin Dagombawa. Yana karantarwa a zaure, matarsa Mma Sanatu kuma na sayar da man kaɗe a kasuwa. Tun a hanya Rashid ya koya min gaisuwarsu: ki tsugunna, duk abin da aka faɗa ki ce "naa". Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Matan gidan suka fito suka tsugunna, na tsugunna. Su faɗa, in ce naa. Su faɗa, in ce naa. Waɗannan na gamawa maƙwabta suka shigo, aka sake sabon lale. Ban san gida da hanya suke tambaya ba ko cewa suke in ba su Kano kyauta, ni dai naa nake cewa. Da aka gama kowa ta miƙe tsaf, har da tsofaffin da suka isa haihuwata, ni kuwa gwiwa ta ce a nan za mu kwana. Sai da Mma Sanatu ta kama hannu ɗaya, wata ta kama ɗaya, aka ɗago ni kamar buhun gero. Gida ya kaure da dariya, ni ma na taya su don ba yadda zan yi.

Aka shimfiɗa tabarma aka ajiye kwano, Rashid ya wanke hannu ya zauna a gefena. Na ce shi ke nan, a Yendi za a yi jana'izata. Mma Sanatu ta dubi kwanon, ta dubi idona, ta dubi Rashid.

"Rashid, tafi masallaci."

"Na yi salla, Mma."

"Je ka ƙara."

Yana fita ta saki labule ta ce, "Ci, Hajia. Uwana ma haka yake, bai taɓa cin abinci gaban Afa ba har ya mutu. Yara yanzu ba su san komai." Allah ya saka wa matar nan da Aljanna.

Tuwon zafi suke kiransa, kuma da tururinsa ake kawo shi. Laushi kamar ya narke a hannu, ɗan tsaminsa kaɗan ne, na marmari. Miyar lalo ce, su ayoyo suke cewa, aka zuba jar miya mai nama a gefe. Na fara da yatsa biyu irin na baƙunta, na ƙare da hannu duka, har gumi ya jiƙa min ɗankwali. Da safe kuma ta kawo min wani abu baƙi ƙirin, warwar kamar dambu. Wasa-wasa ce, amma ba irin tamu ba, da garin busasshiyar doya ake turara tasu. A ido sai ki ce ƙasa aka ɗebo. An zuba mai, an yanka albasa, ga soyayyen kifi, ga wagashi, wato cukun nonon shanu da suke soyawa, sannan a gefe aka ɗiga shito, wani baƙin yaji da ake soyawa da mai da garin kifi. Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, na sa aka ƙaro.

A motar Salaga ne dariyar ta ɗauke min. Na zauna ina tunani: in dai abincin ƙasar nan haka yake, to me ya ramar da yarinyar nan? Sai dai in hana ta ake yi. Na saci kallon Rashid yana gyangyaɗi abinsa, na ji raina ya ɓaci da shi da danginsa kaf. Na gyara ɗaurin ɗankwali, na shirya faɗa.

Faɗan bai samu wurin zama ba. Muna sauka a tashar Salaga, tsakanin tsibin doya da ya fi ni tsayi, wata ƙatuwar mata ta faka babur ta taho da gudu ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa. Mma Adisa ke nan, uwar Rashid. Rashin lafiya ya hana ta zuwa biki, sai ranar muka ga juna. "Mma Kano! Ka zo! Hau, hau!" Kafin in ce a nemo min mai ƙafa uku na tsinci kaina a bayanta, na ƙanƙame ƙugunta ina salati da ƙarfi, ita kuma tana sakin hannu ɗaya tana ɗaga wa mutane: "Uwan Rukaya ne! Daga Kano!" Rabin garin ya san na iso, kuma ya san ina da murya.

Yarinyar ta fito daga ɗaki ta faɗo jikina tana kuka. A hannu na ji ramar ta fi ta waya, ƙasusuwan bayanta duk a waje. Na kau da kai na hau tambayar inda ake alwala. Na ga matan gidan na kallon juna, don su a wajensu uwa da 'ya rungume-rungume ake yi a gaban kowa. Sai na huce a kan jaririn, na ce wannan angon nawa da aka yi ta zuzuta min, ashe hancin ma aro za mu nema masa. Aka yi dariya, na samu na goge idona da bakin mayafi ba wanda ya gani.

Da azahar Mma Adisa ta shigo da kwanuka, fuskarta cike da alfahari, tana riƙe da hannun wata tsohuwa tukuf.

"Mma Kano, kwantar da hankali. Tun rana da Rukaya ya shigo gida nan, bai ci abincin Gana ba, ko ɗaya koraa. Abincin Kano kawai. Ga malamin mu, Kaka Asabe."

Kaka Asabe maƙwabciyarsu ce. Kakanta Bakano ne, ya zo fataucin goro tun zamanin jakuna, ya yi aure a Salaga bai koma ba. Ita ba ta taɓa taka Kano ba, amma in ta buɗe baki sai ki ji Hausa tsantsa, irin wadda rabona da ji tun rasuwar kakata. Duk unguwar, abin da ta faɗa a kan Kano shi ne Kano.

"Sannu da zuwa, 'yar gidanmu," ta ce. "Ni na tsaya a kan girkin 'yarki. Na ce musu Bakano ba ya cin manja, ba ya cin kifi, barkono kuwa na mutanen kurmi ne. Yadda kakana ke ci, haka na koya musu. Har yanzu ana rufe ƙofofin birni da magariba?"

Na ce ana dai ƙoƙari.

Aka buɗe kwano. Tuwon jar dawa ne, in kika jefi kare da shi sai ya kwana yana ɗingishi. Miyar kuwa kuka ce da ruwa da gishiri, sai kanwa da aka zabga har tana kumfa. Ba mai, ba nama, ba yaji. Ina kai loma na gane: wannan girkin matafiya ne, abin da fatake ke haɗawa a daji in guzuri ya ƙare. Bawan Allah ya ci wahalarsa a hanya, jikoki suka ɗauka gata ne suka adana. Na ɗaga ido na ga yarinyar na tura lomarta da ruwa, kanta a sunkuye. Mma Adisa ta ce, "Rukaya, ya yi daɗi?" Ta ce, "Ya yi daɗi, Mma." Sai suka juyo kaina, ita da tsohuwar, suna jira. Na haɗiye da ƙyar na ce, "Kamar a Kano."

To ga dalilin ramar na gani, amma wa zan faɗa wa? Matar nan har ƙauye take aikawa a nemo mata jar dawa, ita ke tsayawa a kan tukunyar da kanta, duk saboda 'yata. In ce mata wahalar banza take? Na nemi a bar ni in shiga kicin, aka ce haram, baƙo ba ya taɓa muciya. Na kwance buhuna na miƙa, ina fatan daddawa da yaji za su ceci rai. Aka yi godiya aka kai wa Kaka Asabe. Ta ture daddawar da yajin gefe, ta ɗaga kanwar ta ce, "Yawwa, ga ta gida!" Daga ranar aka ninka kanwar miyar.

Na ga hanya ɗaya ce ba wanda zai ji kunya. Na samu Mma Adisa na ce mata a al'adarmu haihuwar fari a gidan iyaye ake wanka, zan tafi da yarinyar. Fuskar nan mai yawan dariya ta saki. Ta ce, "Yoo. In al'ada ne, ba ni hana." Sannan ta ƙara da cewa, "Ko na yi wani laifi ne?" Na ce ko kaɗan. Ta koma kicin, ina jin ta tana jan hanci tana tuƙa tuwon nan mai tauri. Wallahi ban ji daɗin kaina ba.

Ana shirin tafiya, yunwa ta kai ni bango. Da hantsi na ce zan je neman ganyen darbejiya na wanka. Na bi hancina har bayan tasha, inda wata ke sayar da wasa-wasa, na sa ta zuba komai da komai a ganye, na cusa cikin hijabi na dawo ina tafiya kamar mai ciwon ciki. Na leƙa ɗakin mai jego na ji ba motsi, na ɗauka tana banɗaki. Na zauna bayan ƙofa na buɗe ganye. Ina cikin ci na ji murya daga cikin gidan sauro.

"Umma."

Na ƙame.

"Umma, don girman Allah, ko loma ɗaya."

Ban dube ta ba. Na dai tura ganyen tsakiyar tabarma. Ta sauko da rarrafe, muka sa hannu. Tun da na yaye ta ban taɓa haɗa kwano da ita ba, sai ga mu a ƙasar mutane muna rige-rigen wagashi. Tana ci tana raɗa min cewa tun farkon zuwanta ta ɗanɗana a wajen ƙanwar Rashid, ta ji duk duniya ba abin da take so kamarsa, amma Mma ta ce zai ɓata mata ciki. Rashid ya sha sato mata, hancin uwarsa na kama shi tun daga zaure, ta ƙwace, a zatonta kwaɗayin kansa ne. Na ce, ina kallon bango, "Ke kuma bakinki ciwo yake da ba za ki faɗa ba?" Ta ce, "Umma, ke da kika ce kamar a Kano fa?"

Dariya ta taso min, shito ya bi ta inda bai kamata ba, na sarƙe na hau tari. Labule ya ɗaga. Mma Adisa ce, da kwanon miyar kuka a hannu.

Ba wanda ya motsa. Bakina mai, bakin yarinya mai, ga ganye a tsakiya. Ta dube mu ta dubi kwanonta.

"Rukaya. Kana cin wannan?"

"Ina ci, Mma. Ina son sa."

"Mma Kano, kai ma?"

Na ce, "Hajiya, tun daga Yendi."

Ta ajiye kwanon a hankali, ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. Na ce shi ke nan, mun kashe zumunci. Sai ta kurma ihu: "Jama'a ku zo! Tun bara muna shan kanwa a gida nan, ashe ba wanda yake so!" Ashe gidan gaba ɗaya abin da suke ci ke nan, ta hana a ɗora wata tukunya don kada amarya ta ga an ware ta. Maigidan ya koma cin abinci a shagon abokinsa, 'yan matan gidan kuma kullum suna da unguwar zuwa da rana. Ta yi kuka ta yi dariya, ta jawo yarinyar ta rungume tana dukan bayanta tana cewa, "Mugu! Mugu! Ka bar ni ina kashe ka da yunwa!" Sannan ta share hawaye, ta ce a matsa mata, ta zura hannu a ganyen.

Ni aka wakilta in je in shaida wa Kaka Asabe. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce mata zamani ya canza, Kanawan yanzu sun koyi cin mai da barkono. Ta girgiza kai ta ce dama ta ji an ce birnin ya lalace. Na leƙa kwanon da ke gabanta, sai na ga tuwon zafi da ayoyo, har da kan kifi. Na ce, "Kaka, ke ba kya cin na Kanon?" Ta ce, "Wa, ni? Ai ni haifaffiyar nan ƙasar Gwanja ce, 'yar nan. Cikina ba ya ɗaukar abincinku."

Daga ranar muka raba aiki. Ni ke da ruwan wanka da kunun kanwa, kanwar daidai misali, Mma Adisa ke da tukunya. Na ɗaga tafiyar, na sake ɗagawa. Har na saba da bin ta kasuwa a babur, salatin ma a zuci nake yi. A gaban idona kumatun yarinyar suka fara dawowa, angon nawa ma ya fara cika hannu. Amma maganar tafiya da ita tana nan, ban janye ba, Mma Adisa kuma ba ta sake tayarwa ba, har ta wanke musu kaya ta ninke da hannunta. Alhaji na ta waya yana tambayar ranar da za a gyara ɗaki.

Ana gobe tafiya, da la'asar, muna zaune ni da yarinyar a ɗaki. Daga tsakar gida ana jin luguden sakwara, Mma Adisa na juya ta a turmi tana yi wa masu daka tsiya. Na ce, "Ke nake ji. Za ki bi ni, ko kuwa?"

Ta daɗe tana wasa da yatsun jaririn. Sannan ta ce, "Umma, saboda ni take sa a yi dakan nan kullum. In na tafi wa za ta yi wa?"

Na ce to ai shi ke nan, tashi ki kwance kayanki, kin cika wa mutane ɗaki. Na fita na samu Mma Adisa a bakin turmi na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba wannan karon. Ta kama hannuna da nata hannun mai ruwa ta ce, "Mma Kano, ni ma na haifa mace, yana aure Kumasi. Na sani."

Rashid ya riga ya kama mana kujera biyu a motar Yendi. Mma Adisa ta ce ba za a bar ɗaya haka nan ba, ta sa aka jera doya a kai, manya-manya, aka ɗaure da igiya. Haka na baro Salaga, a gefena inda 'yata za ta zauna doya ce. Na je ɗauko ta na dawo ban ɗauko ba, kuma na san alheri ne, amma sai da na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kai ta. Har muka isa Yendi hannuna na kan doyar nan, ina tare ta kada gargada ta zubar min da ita.